FASHIN BAƘI: Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: Dalilin da ya sa miliyoyin littattafai ke intanet amma ba a iya karanta su

Duk ɗalibin da ya taɓa farautar tsohon littafi a intanet domin rubuta kundin kammala digiri ya san wannan takaici. Zai rubuta sunan littafin, sai ga shi ya fito a shafin wani babban ɗakin karatu na Amurka. Ga sunan marubuci, ga garin da aka buga shi, ga shekara, ga yawan shafuka, har da sunan jami'ar da aka ɗauko shi daga kantarta aka ɗauki hoton kowane shafi. Da ya latsa domin ya buɗe, sai a sanar da shi cewa littafin yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, bincike kaɗai aka yarje masa. Idan ya rubuta wata kalma, za a gaya masa cewa ta fito sau uku a shafi na 47, sau ɗaya a shafi na 112. Shafin kansa kuwa ba zai gan shi ba.

Babbar ma'ajiyar da aka fi cin karo da wannan tsari a cikinta ita ce HathiTrust, wadda ke riƙe da kwafin littattafai da mujallu fiye da miliyan 17. Kusan biyu bisa biyar ne kawai daga cikinsu ke buɗe ga mai karatu a Amurka, wanda ke wata ƙasa kuma abin da yake samu bai kai haka ba. Sauran suna nan cikakku a cikin na'urorin ajiya, an killace su. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, a mafi yawan lokuta babu wani lauya ko ma'aikaci da ya zauna ya duba littafin kafin a rufe shi. Katin bayanin littafin, wato ɗan taƙaitaccen rubutun da ke cikin kundin rajistar ɗakin karatu, shi ne ke yanke hukuncin.

Yadda aka tara rumbun

A watan Disambar 2004 kamfanin Google ya ba da sanarwar yarjejeniya da manyan ɗakunan karatu biyar: na jami'o'in Michigan da Harvard da Stanford da Oxford, sai kuma ɗakin karatun jama'a na birnin New York. Kamfanin zai kwashi littattafai daga kantoci, ya ɗauki hoton shafukansu, ya yi amfani da manhajar gane haruffa ya mayar da hotunan rubutun da kwamfuta za ta iya bincikawa. Ladan kowane ɗakin karatu shi ne a ba shi kwafin abin da aka ɗauka daga wurinsa.

Daga baya wasu jami'o'in suka shiga, kwafin ya yi ta taruwa, har ya zamana babu jami'ar da za ta iya ɗaukar nauyin adana shi ita kaɗai. A watan Oktobar 2008 sai gamayyar wasu jami'o'i 13 na tsakiyar Amurka, tare da Jami'ar Kaliforniya, suka haɗa nasu wuri guda suka kafa HathiTrust, wadda Jami'ar Michigan ke kula da gudanarwarta. Kalmar "hathi" a harshen Hindi tana nufin giwa, dabbar da aka sani da girma da rashin mantuwa.

Tun da littattafan daga kantocin manyan jami'o'in bincike aka ɗebo su, rumbun ya ƙunshi rubuce-rubuce a ɗaruruwan harsuna. Cikin jami'o'in da suka kafa shi akwai Northwestern, mai ɗakin karatun Herskovits da aka buɗe a 1954, ɗaya daga cikin mafiya girman ma'ajiyar littattafan Afirka a duniya. Ta wannan hanya ce littattafan da aka buga a Zariya da Ibadan da Akara da Nairobi suke shiga kundayen rajistar Amurka.

Katin da ke yanke hukunci

Kafin zuwan kwamfuta, kowane littafi a ɗakin karatu yana da ɗan kati a cikin aljihun durowar katako, ɗauke da sunansa da na marubucinsa da lambar kantar da yake. A shekarun 1960 wata ma'aikaciyar Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, Henriette Avram, ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC, wanda ya mayar da wannan kati abin da na'ura za ta iya karantawa. A tsarin, kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba: gurbi na 100 na marubuci ne, na 245 na sunan littafi, na 260 ko 264 na maɗaba'a da gari da shekara.

Akwai kuma gurbi na 008, wanda mai karatu ba ya ganinsa a fuskar shafi. Layi ne guda mai ɗaukar haruffa da lambobi 40, kowanne da ma'anarsa. Wasu guraben a cikinsa na shekarar bugu ne, wasu na ƙasar da aka buga littafin, ɗaya kuma yana nuna ko gwamnati ce ta wallafa shi. Alamar Najeriya a wannan layi ita ce "nr", ta Nijar "ng", ta harshen Hausa kuma "hau".

Idan littafi ya shigo HathiTrust, manhaja ce ke karanta wannan layi ta auna shi da wasu ƙa'idoji. Littafin da aka buga a Amurka fiye da shekaru 95 da suka wuce, a buɗe shi. Wanda gwamnatin tarayyar Amurka ta wallafa, a buɗe shi, domin dokar ƙasar ba ta ba ayyukan gwamnatin tarayya haƙƙin mallaka ba. Wanda bai kai waɗannan shekaru ba, a rufe. Wanda kuma ba a rubuta masa shekara ba, ko bayaninsa ya rikice, shi ma a rufe, domin kuskuren rufewa ba ya kai kowa kotu, kuskuren buɗewa kuwa yana kaiwa.

Ma'anar wannan ita ce, abin da wani ma'aikacin rajista ya buga da keken rubutu shekaru sittin da suka shige, lokacin da babu wanda ya yi mafarkin intanet, shi ke tantance ko wani ɗalibi a yau zai karanta littafi ko ba zai karanta ba. Idan ya rubuta shekarar sabon bugu a madadin ta bugun farko, littafin da ya daɗe da zama na kowa zai ci gaba da zama a kulle. Wannan ya shafi ƙananan maɗaba'u irin na Kano kai tsaye, inda aka saba fitar da littafi ba tare da an rubuta shekarar bugu a jikinsa ba. Littafin da katinsa ba shi da shekara ba shi da ranar da manhaja za ta buɗe shi da kanta.

Daga ina shekaru 95 suka fito

Dokar haƙƙin mallaka ta farko a Amurka, ta 1790, shekaru 14 ta ba marubuci, tare da damar sabuntawa sau ɗaya. Dokar 1909 ta mayar da wa'adin shekaru 28, ana iya ƙara wasu 28 idan mai haƙƙin ya je ya sabunta rajista. Aka ci gaba da jan wa'adin har zuwa 1998, lokacin da Majalisar Dokoki ta ƙara shekaru 20, wa'adin tsofaffin littattafai ya kai 95. Wannan ƙari ya tsayar da agogo cak: shekaru ashirin cur babu wani rukunin littattafan da aka buga da wa'adinsu ya ƙare a Amurka, sai ranar 1 ga Janairun 2019, da littattafan 1923 suka zama mallakar jama'a. Tun daga nan kowace sabuwar shekara tana sakin littattafan shekara guda. A farkon 2025 na 1929 ne suka fito.

Sai dai akwai wata kafa. Littattafan Amurka da aka buga kafin 1964 suna buƙatar sabunta rajista bayan shekaru 28, kuma marubuta da maɗaba'u da yawa ba su yi hakan ba. A doka, irin waɗannan littattafai sun riga sun zama na kowa, amma katin bayaninsu bai faɗi haka ba, don haka manhaja ta rufe su. A 2008 Jami'ar Michigan ta fara wani shiri inda ma'aikatan ɗakunan karatu ke bin littattafan ɗaya bayan ɗaya suna duba kundayen ofishin haƙƙin mallaka. Fiye da rabin waɗanda suka duba sun tarar ba su da sauran haƙƙi a kansu, aka buɗe dubban ɗaruruwa. Aiki ne na hannu mai cin lokaci da kuɗi, ya kuma nuna cewa kulle da yawa ba doka ce ta sa su ba, rashin cikakken bayani ne.

Littattafan ƙasashen waje ba su ci moriyar wannan kafa ba. Wata doka ta 1994, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar cinikayya ta duniya, ta dawo wa ayyukan ƙetare da haƙƙinsu a Amurka daga 1996, ko da ba a taɓa sabunta musu rajista ba, matuƙar suna da kariya a ƙasashensu. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan doka a 2012.

Inda mai karatu yake zaune

Haƙƙin mallaka dokar ƙasa ce, kowace ƙasa da nata lissafin. Amurka tana lissafin tsofaffin littattafai daga shekarar bugu, yawancin ƙasashe kuwa daga shekarar rasuwar marubuci suke farawa. A Najeriya da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai wa'adin shekaru 70 ne bayan rasuwa. Katin bayani kuma sau da yawa ba ya ɗauke da shekarar rasuwar marubuci.

Saboda haka HathiTrust ta ɗauki matakin kaffa-kaffa. Littafin da aka buga a wajen Amurka, wanda ya haura shekaru 95 amma bai tsufa sosai ba, ana buɗe shi ne ga wanda adireshin intanet ɗinsa ya nuna yana cikin Amurka kaɗai. Ba a sakar wa duniya shi sai shekarunsa sun zarce 120, lokacin da ake da yaƙinin cewa marubucin ya daɗe da rasuwa, ko kuma idan wani ma'aikaci ya bi diddigi ya tabbatar da shekarar rasuwar.

Wannan ƙa'ida tana haifar da wani abin mamaki idan aka auna ta da littattafan Hausa. Ƙamus ɗin da ɗan mishan J. F. Schön ya buga a Landan a 1876 ya tsallake kowane shinge. Tarin tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya wallafa a Belfast tsakanin 1911 da 1913, idan aka bar wa manhaja hukunci, a buɗe yake ga ɗalibi a Chicago, a rufe ga ɗalibi a Katsina. Ƙagaggun labaran da Hausawa suka fara rubutawa da boko bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 kuwa, har yanzu wa'adinsu bai cika ba a kowane ɓangare. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ba zai cika shekaru 95 na Amurka ba sai an shiga 2033. A lissafin Najeriya, tun da Abubakar Imam ya rasu a 1981, wa'adin zai kai ƙarshen 2051. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a 1966, zai kai ƙarshen 2036. Wato abin da baƙi suka rubuta game da Hausawa shi ke fara buɗewa, abin da Hausawa suka rubuta da kansu yana biye a baya da shekaru masu yawa.

Ko binciken kalma da aka yarje ba ya tafiya daidai a kowane harshe. Manhajar gane haruffa ta fi ƙwarewa a Ingilishi da manyan harsunan Turai. Sau da yawa tana kasa bambance ƙ da k, ko ɗ da d, rubutun ajami kuwa ya fi ba ta wahala.

Abin da kotuna suka ce

Iyakar da ke tsakanin bincike da karatu ba a kan son rai aka shata ta ba, a kotu aka shata ta. A Satumbar 2005 ƙungiyar marubutan Amurka ta Authors Guild ta maka Google a kotu, manyan maɗaba'u suka biyo baya. A 2008 ɓangarorin suka cimma sulhu na dala miliyan 125, wanda da ya ba Google damar sayar da izinin karanta miliyoyin littattafan da aka daina bugawa. A Maris ɗin 2011 Mai Shari'a Denny Chin ya yi watsi da sulhun, bisa hujjar cewa zai ba kamfani guda iko a kan littattafan mutanen da ba a nemi yardarsu ba.

A Satumbar wannan shekarar ƙungiyar ta sake shigar da ƙara, wannan karon a kan HathiTrust. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tunzura ta shi ne shirin Jami'ar Michigan na buɗe abin da ake kira marayun littattafai, wato waɗanda ke da haƙƙin mallaka amma an rasa mai shi. Cikin 'yan kwanaki marubuta suka gano masu wasu littattafan da ke cikin jerin, har da marubucin da ke nan da ransa. Jami'ar ta amsa kuskurenta ta dakatar da shirin.

A sauran batutuwan kuwa ɗakunan karatu ne suka yi nasara. A Yunin 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta yanke hukuncin cewa ɗaukar hoton littafi domin a iya binciken kalmominsa amfani ne bisa adalci, tun da ba ya maye gurbin sayen littafin. Ta kuma halatta ba makafi da masu larurar karatu cikakken kwafi. A Oktobar 2015 kotun ta ba Google irin wannan gaskiya, har da nuna 'yan gutsattsarin layuka, a Afrilun 2016 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. Sakamakon shi ne tsarin da ake gani yau: a adana, a bincika, a taimaki makaho, amma kada a nuna wa jama'a shafi.

Haka kuma aka buɗe wa na'ura ƙofar da aka rufe wa mutum. Cibiyar bincike da jami'o'in Indiana da Illinois suka kafa wa HathiTrust a 2011 ta ba masana damar tura manhaja ta ratsa miliyoyin littattafai, har da rufaffu, ta ƙirga kalmomi ta fitar da alƙaluma, muddin rubutun kansa bai fita ba.

Darasin lokacin korona

Da annobar korona ta rufe jami'o'i a 2020, HathiTrust ta ɓullo da shirin wucin gadi. Ɗalibai da malaman jami'o'in da ke cikin gamayyar sun sami damar karanta rufaffun littattafai a kwamfuta, bisa sharaɗin cewa ɗakin karatunsu yana da littafin na takarda, kuma yawan masu karatu a lokaci guda kada ya wuce yawan kwafin da ke kan kanta. Da aka sake buɗe ɗakunan karatu, aka mayar da kwaɗon.

Ma'ajiyar Internet Archive ta zarce haka. A Maris ɗin 2020 ta cire iyakar yawan masu aro, ta buɗe littattafanta ga kowa a duniya. A ranar 1 ga Yuni maɗaba'u huɗu, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, suka kai ta kotu. Ta sha kaye a Maris ɗin 2023, ta sake shan kaye a kotun ɗaukaka ƙara a Satumbar 2024, ta kuma janye littattafai fiye da 500,000 daga jerin waɗanda ake ara. Wannan ma'ajiya ba ta tambayar mai aro wace jami'a yake, don haka waɗanda janyewar ta fi taɓawa su ne masu karatun da ba su da babban ɗakin karatu a kusa.

Hujjar marubuta da maɗaba'u ita ma tana da nauyi. Marubuci da littafinsa yake ci, kuma duk wanda ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar littattafai da finafinai a Najeriya ya san cewa kwafin da ya fita kyauta ba ya komawa. Inda matsalar take shi ne, dokar ba ta bambance littafin da ke kasuwa da wanda aka daina bugawa shekaru hamsin da suka wuce ba. Na biyun ba ya kawo wa marubuci ko magadansa ko sisi, kuma ba mai iya karanta shi.

Hanyoyin da ake buɗewa

Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta hanyar doka da yarjejeniya. A Norway, ɗakin karatu na ƙasa ya ƙulla yarjejeniya da Kopinor, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta da maɗaba'u haƙƙinsu. Gwamnati tana biya, duk wanda ke cikin ƙasar kuma yana iya karanta tsofaffin littattafan Norway a intanet, mai haƙƙin da bai yarda ba yana da damar janye nasa. A 2019 Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'idar da ta sauƙaƙa wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi fitar da ayyukan da suka bar kasuwa.

A Najeriya, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta ƙunshi sassauci ga ɗakunan karatu da ma'ajiyoyin tarihi, da tanadi ga makafi bisa Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013. Sai dai dokar Najeriya ba ta da iko a kan kwafin da ke ajiye a Michigan, kamar yadda hukuncin kotun New York bai shafi ɗakin karatu a Abuja ba.

Hanyar da ta fi kusa tana hannun masu haƙƙin da kansu. HathiTrust tana da takardar izini wadda marubuci, ko magadansa, ko maɗaba'ar da ke riƙe da haƙƙin, za su cike su ba da umarnin a buɗe littafinsu ga duniya, ta lasisin Creative Commons idan sun so, ba tare da sun rasa mallakarsa ba. Jami'ar da ta wallafa mujalla a shekarun 1970 ta daina, ko hukumar da ta buga rahotannin da ba ta da sauran kwafinsu, za ta iya dawo da su hannun jama'a da sa hannu ɗaya, tun da an riga an yi aikin ɗaukar hoton. Haka nan mai karatun da ya ga kuskuren shekara ko na wurin bugu a katin wani littafi yana iya sanar da ma'ajiyar a sake dubawa.

Ko a rufe, katin yana da amfaninsa. Yana tabbatar da cewa littafin ya wanzu, yana faɗin bugu na nawa ne da ɗakin karatun da ke riƙe da shi, binciken kalma kuma yana nuna wa ɗalibi shafukan da yake buƙata kafin ya nemi wani ya duba masa na takarda. Ga littattafan da gara da ruwan sama da rashin kulawa suka cinye a gida, wani lokaci wannan kati da kwafin da ke bayansa su ne kaɗai shaidar da ta rage. Ranar da za a buɗe su ta dogara ne ga shekarar da aka rubuta a gurbi na 008, ko kuma ga mai haƙƙin da ya tuna cewa yana da littafi a can ya aika da izini.